Rurin motocin gudu da tukunyar da ake cirewa a ƙarƙashinsu

Duk wanda ya taɓa durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin mota ya ga wani dogon bututun ƙarfe da ya taso daga inji ya bi cikin motar har ya ɓullo ta baya. Shi ne hanyar hayaƙi. A ƙarshensa akwai salansa, wadda aikinta kashe ƙara. Kusa da inji kuma, a motocin fetur na zamani, akwai wata ƴar tukunyar ƙarfe da ba ta kai girman tulu ba, wadda kanikawa ke kira katalizar. Direbobi da yawa sun shekara goma suna tuƙi ba su san da zamanta ba. Amma a Amurka da ƙasashen Turai, wannan tukunya ta daɗe tana haɗa masu motocin gudu da hukuma faɗa, har maganar ta kai gaban alƙalai da majalisun dokoki.

Motocin gudu su ne irin ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu da babban inji, kamar Porsche ta Jamus, da Ferrari ta Italiya, da Corvette ta Amurka. Ba don ɗaukar kaya ko iyali ake sayen su ba, sai don daɗin tuƙi. Mai irin wannan mota kuwa sau da yawa ba ya barin ta yadda ta fito daga masana'anta. Abin da ya fi saurin taɓawa shi ne hanyar hayaƙi: ya kwance ta kamfani, ya ɗaura wata da ya saya daga maƙera na dabam, domin motar ta ƙara ƙarfi, ta ƙara ruri. Wani ya tsaya ga canja salansa. Wani kuma sai ya cire tukunyar ɗungum ya maye gurbinta da bututu miƙaƙƙe.

Yadda tukunyar ta samo asali

Labarin ya fara ne a birnin Los Anjelis na jihar Kalifoniya. Tun daga 1943 mazauna birnin suka fara fama da wani irin hazo mai sa ido hawaye, mai shaƙe maƙogwaro. An zargi masana'antu, an zargi masu ƙona shara. Sai a farkon shekarun 1950 wani masanin haɗa sinadarai, mutumin Holan, mai suna Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hayaƙin motoci ne ke haɗuwa da hasken rana ya rikiɗe ya zama wannan hazo.

Abubuwa uku ne masu cutarwa a hayaƙin injin fetur. Na farko ita ce iskar nan marar wari marar launi da ke kashe mutum in ya kwana da garwashin gawayi a ɗaki rufe. Na biyu shi ne ragowar man da bai ƙone ba. Na uku kuma wata iska ce da tsananin zafin inji ke haifarwa daga iskar da ake shaƙa, wadda ke ƙona huhu, ta tayar wa mai asma ciwonsa.

Wani injiniya Bafaranshe da ya koma Amurka da zama, Eugène Houdry, ya ƙera tukunyar da za ta magance wannan, ya kuma sami takardar mallakar fasaharta a 1956. Sai dai ba ta yi amfani ba a lokacin, saboda tun shekarun 1920 ake zuba sinadarin darma cikin fetur, darma kuwa tana lulluɓe cikin tukunyar ta kashe ta cikin ɗan lokaci. Houdry ya rasu a 1962 bai ga ranar abin da ya ƙirƙira ba. A ƙarshen 1970 shugaba Nixon ya sa hannu a kan dokar tsabtace iska, wadda ta umarci masu ƙera motoci su rage gubar hayaƙi da kashi 90 cikin 100. Daga motocin 1975 tukunyar ta shiga mafi yawan sababbin motocin Amurka, aka kuma fara sayar da fetur marar darma domin su. Turai ta biyo baya da jinkiri: sai daga 1993 ya zama da wuya sabuwar motar fetur ta shiga kasuwar Tarayyar Turai ba tare da ita ba.

Ya kamata mai karatu ya lura da abu guda: tukunyar ba rariya ba ce, ba ta tare datti ta ajiye. A cikinta akwai wani dunƙulen tangaran mai dubban ƙananan ramuka a jere kamar saƙar zuma. An shafe bangon ramukan da ƙarafa uku masu tsada, filatin da faladiyom da rodiyom, ƴan giram kaɗan. In hayaƙi mai zafi ya ratsa ramukan ya taɓa ƙarafan, sai gubar ta sāke hali: iskar gawayin da ragowar man su ƙarasa ƙonewa su zama tururin ruwa da irin iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, ta ukun kuma ta warware ta koma iskar da aka samo ta. Ƙarafan ba su ƙarewa a cikin aikin, kamar dillalin da ya haɗa ciniki ya koma gida da rigarsa. Sharaɗi biyu ne kawai: tukunyar ta yi zafi, kusan digiri 300, sa'an nan inji ya riƙa haɗa iska da mai bisa ma'auni, watau giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur. Kamfanin Volvo na Suwidin ne ya fara fitar da mota, a 1976, mai ɗan ma'aunin da ke sansana hayaƙi yana gaya wa inji ya ƙara mai ko ya rage. In sharuɗɗan nan sun cika, tukunya mai lafiya tana kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na gubar uku.

Shekarar da Corvette ta shaƙe

To, in haka amfaninta yake, me ya sa masu motocin gudu suka tsane ta? Amsar tana cikin abin da ya sami Corvette a 1975.

A 1974 ƙaramin injin Corvette yana ba da ƙarfin doki 195, ga kuma babban inji mai lita 7.4 ga wanda yake so. Da shekara ta juyo, babban injin ya ɓace daga kasuwa, ƙaramin kuma ya faɗo zuwa doki 165. Bututun hayaƙi biyu da motar ke taƙama da su aka haɗe su suka shiga tukunya guda, sa'an nan suka sāke rabuwa a baya don ganin ido. Tukunyar da kamfanin General Motors ke sawa a lokacin ba mai saƙar zuma ba ce, cike take da ƙananan duwatsu kamar tsakuwa, hayaƙi na kutsawa tsakaninsu da ƙyar. Inji kuwa kamar ɗan kokawa ne: in bai fitar da numfashi ba, ba ya iya shaƙar wani. Gaskiya ne ba tukunyar kaɗai ta jawo faɗuwar ba, domin shi injin ma an sāke saitinsa. Amma ita ce ido ke gani, ita ce kuma hannu ke iya kwancewa.

Nan da nan maƙera suka fito da wani guntun bututu daidai tsawon tukunyar, suka sa masa suna bututun gwaji, wai don bakanike ya ɗaura na ɗan lokaci ya gane ko tukunya ta toshe. Kowa ya san in an ɗaura shi ba a sāke kwancewa. A wancan zamani wanda ya yi haka yakan ji bambanci a ƙafarsa, kuma daga nan maganar ta kafu cewa tukunya ɓarauniyar ƙarfi ce. Uba ya gaya wa ɗa, ɗa ya gaya wa aboki.

Sai dai mota ta canja, maganar ba ta canja ba. Tukunyar tsakuwa ta daɗe da barin kasuwa. Injin yau kwamfuta ce ke auna masa mai, tukunyarsa kuma an ƙera ta daidai da yawan hayaƙin da zai fitar. Corvette samfurin Z06 ta 2023 tana da inji mai lita 5.5, watau bai kai na 1975 girma ba, wanda yake lita 5.7, amma yana ba da ƙarfin doki 670, ninki huɗu ke nan, kuma da tukwanensa a ɗaure. Wanda ya cire tukunya daga irin wannan inji, abin da zai samu kaɗan ne, da wuya ya ji shi a kan titin gari inda iyakar gudu ta hana shi amfani da ko rabin ƙarfin da yake da shi tun farko.

Akwai inda maganar masu cirewa ke da ƙamshin gaskiya, kuma adalci ne a faɗa. A injin mai turbo, watau wanda hayaƙi ke juya wata farfela tana tura ƙarin iska cikin inji, buɗe hanyar da ke bayan farfelar yana sa ta juya da sauri. In aka haɗa da sāke saitin kwamfuta, ƙarfin yana ƙaruwa sosai. Amma ko a nan, mafi yawan ƙarin daga saitin yake zuwa. Kuma akwai tukwane na musamman masu manyan ramuka, 100 ko 200 a kowane inci murabba'i maimakon 400 ko fiye na tukunyar kamfani, waɗanda ke barin hayaƙi ya wuce da sauƙi. Wasu daga cikinsu suna da takardar amincewar hukuma, wasu ba su da ita, domin rami in ya yi faɗi hayaƙi yana wucewa bai taɓa bango ba.

Cinikin ƙara

In ba ƙarfi ba, me ake saye? Ƙara ake saye, kuma ciniki ne babba. Kamfanin Borla na Amurka yana wannan sana'a tun 1978. A ƙasar Sulobeniya wani tsohon ɗan tseren babur, Igor Akrapovič, ya kafa masana'antar da ta yi suna wajen ƙera bututun titaniyom, ƙarfen da bai kai baƙin ƙarfe nauyi ba kuma yana jure zafi. A kowace shekara masu irin wannan sana'a suna taruwa a babbar kasuwar baje koli ta SEMA a birnin Las Begas. Maƙeran nan sun san aikinsu: tsawon bututu, da faɗinsa, da inda biyu suka haɗu, kowanne yana canja muryar mota, kamar yadda mai gyaran kalangu ke ja ko sassauta tsarkiya.

Mafi yawan abin da suke sayarwa halal ne a idon doka, watau sashen da ke bayan tukunya har zuwa wutsiya. Shi ba ya taɓa gubar hayaƙi, yana rage nauyi, yana canja murya. Amma shi ma ba ya rasa nadama. Bututun da ya cika faɗi yana rage saurin fitar hayaƙi, sai mota ta yi sanyin tashi. Wani kuma yana da daɗin ji in an taka wuta, amma a doguwar tafiya sai ya riƙa wani gunji a cikin mota wanda ke sa ciwon kai, har mai shi ya koma neman tsohuwar salansar da ya yar.

Akwai kuma wani yayi da ya yaɗu a shekarun 2010, na sa mota ta riƙa tartsatsi da ƙarar harbi in direba ya ɗaga ƙafa. Ana yin sa ne ta hanyar saita kwamfuta ta jinkirta kunna wuta, sai mai ya fita bai ƙone ba ya je ya fashe a cikin bututu. Ba ya ƙara wa mota ko taku ɗaya na gudu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Abin da yake yi shi ne narkar da saƙar tukunya in an matsa, shi ya sa masu yin sa sukan cire ta tukuna.

Masu ƙera motocin su ma sun gane cewa kunne ne ke sayen motar gudu. Da dokokin ƙara suka tsananta a Turai, sai suka sa wata ƴar ƙofa a cikin salansa, direba ya danna maɓalli ta buɗe mota ta yi ruri, ya sāke dannawa ta yi shiru. BMW ta wuce nan: a motarta M5 ta 2011, ƙarar inji ta lasifikokin rediyo ake ƙara wa direba ita. A 2024 kuma kamfanin Dodge ya fitar da mota mai aiki da lantarki, wadda ba ta da hayaƙi sam, ya maƙala mata na'urar yin ruri a baya.

Abin da doka ta ce

Lissafin mai sauƙi ne. In tukunya tana kawar da kashi 90 cikin 100 na guba, to mota ɗaya da aka cire wa ita tana zubar da abin da motoci 10 irinta za su zubar. Direban yana gaba, bututun yana baya. Wanda ke shaƙa shi ne mai keke, da mai talla a bakin titi, da yaron da tsawonsa bai wuce bakin salansa da yawa ba.

Saboda haka a 1990 Amurka ta gyara dokarta: haramcin cire tukunya, wanda da ya fi shafar masu ƙera motoci da dillalai da garejoji, ya hau kan kowa, har mai motar da ya kwance da hannunsa. Daga 1996 kuma kowace sabuwar mota tana da ma'auni na biyu a bayan tukunya. In an cire ta, fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba. Masu cirewa suka mayar da martani da wata ƴar mahaɗa da ke janye ma'aunin daga hanyar hayaƙi, ko kuma su shiga kwamfuta su kashe fitilar. Masu sayar da kayan kuma sukan rubuta a jikin kwali cewa na filin tsere ne kawai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ba ta karɓi wannan uzuri ba, ganin yawan kayan da ake sayarwa ya fi ƙarfin filayen tsere nesa ba kusa ba. Daga 2020 zuwa 2023 ta sa farautar irin waɗannan kaya cikin manyan ayyukanta, kuma a 2022 kamfanin Borla ya amince ya biya tarar fiye da dalar Amurka miliyan 1 saboda sayar da bututun da ke maye gurbin tukunya. Ƴan kasuwar sun kai kuka majalisa tun 2016, suna neman dokar da za ta halatta mayar da motar titi ta zama ta tsere. Kukansu yana da tushe, domin yawancin ƙananan ƴan tsere da tsohuwar motar titi suke farawa, kuma motar da ba ta barin fili ba ta damun kowa. Matsalar ita ce bututun da aka ƙera don fili ba ya ƙin ɗauruwa a motar da ke zuwa kasuwa.

A Jamus, kayan da ba su da takardar amincewa suna iya soke izinin hawan motar kan titi. A Ingila, motar da ta fito da tukunya aka same ta babu ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara-shekara. Wasu sukan mayar da tukunyar ana gobe bincike, su sāke kwancewa jibi.

Ƙara ita ma tana da nata hukunci. Jihar Kalifoniya ta sa iyakar desibel 95 ga ƙananan motoci. Desibel ma'aunin ƙara ne, kuma ƙarin 10 a kansa kunne yana jin sa kamar ƙarar ta ninka. A 2021 jihar Niyok ta ɗaga tarar salansa mai ƙara daga dalar Amurka 150 zuwa 1,000. A Faransa kuma, a watan Janairu na 2022, aka fara gwajin wata na'ura a ƙauyen Saint-Lambert da ke kudu maso yammacin Paris, mai kunnuwa da kyamara, wadda ke gane abin hawan da ya yi ƙara ta ɗauki lambarsa. Masu babura ne suka fi damun ƙauyen, amma na'urar ba ta bambanta babur da mota. Tarar da aka tanada yuro 135 ce, kimanin jika 88 na kuɗin Sefa.

Inda tukwanen ke zuwa

Tukunyar da mai motar gudu ya kwance ba ta zama shara, akwai masu jiran ta. Mafi yawan rodiyom na duniya daga ma'adinan Afirka ta Kudu yake fitowa, kuma kaɗan ne ƙwarai. A watan Maris na 2021 farashin giram 31 nasa ya kusa dalar Amurka 29,000, fiye da ninki 15 na farashin zinariya a lokacin. Ɓarayi suka shiga ƙarƙashin motoci da zarto a biranen Amurka da Ingila, cikin ƴan mintoci su yanke tukunya su gudu. A watan Nuwamba na 2022 hukumomin Amurka suka gurfanar da mutum 21 a kan wata ƙungiya da aka ce ta yi cinikin tukwanen sata na ɗaruruwan miliyoyin dala. Abin mamaki, wani yana biyan bakanike ya cire masa abin da wani ke sayen kejin ƙarfe don ya tsare.

A nan ne maganar ta taɓo Afirka, ko da yake motocin gudu ba su da yawa a titunan Yamai ko Maraɗi. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoba na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 suka nufo Afirka. Masu binciken gwamnatin Holan da suka duba motocin da ke jiran jirgi a tashoshinsu sun tarar da wasu an riga an yanke musu tukunya. Waɗanda suka iso da tasu ma ba su tsira ba: a garejojin Nijeriya saƙar cikin tukunya har suna gare ta, indomi, saboda kamarta da taliyar nan, kuma akwai masu sayen ta. Fetur mai darma, wanda da shi ne hujjar cewa tukunya ba ta da amfani a nan, ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina shi tun farkon 2006, Aljeriya kuma, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, ta daina a 2021.

Mai sayen mota ta hannu, da ma'aikacin da ke duba ta, suna iya gane wadda aka yi wa wannan aiki ba tare da wata na'ura ba. Sabon walda a jikin tukunya alama ce an tsaga ta an kwashe cikinta an mayar. In aka ƙwanƙwasa ta da ƙarfe ta yi amo kamar gwangwani, babu kome a ciki. Hayaƙin yana warin ɗanyen fetur ko bayan inji ya yi zafi. Fitilar gargaɗin inji kuma ya kamata ta kama in an murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi. Wadda ba ta kamawa sam, mai yiwuwa wani ne ya cire ƙwanta.